Mai Takarda Da Mai Tebur: Tarihin Yafe Kuɗin Duwan A Arlit

Ƴan uwa, duk wanda ya tashi a Arlit ko Akokan ya san wannan tun bai shiga lakwal ba: in ban da ƴan lambunan gefen gari da ke ba mu salati da tumatir, babu abin da muke ci wanda ba mota ce ta kawo shi ba. Ku shiga kowace butiki a Bukoki ku dubi kanta. Taliya da madarar gari da man girki duk rubutun Larabci ne a jikinsu, daga arewa suka zo. Shinkafa ta ƙetaro teku daga Indiya ko Tailan. Bokiti da takalman roba na Kano ne. In ka cire gero da wake da ake ɗaukowa daga Damagaram da Maraɗi, kusan kowane karto da ke kan kantar nan ya ratsa iyakar wata ƙasa, kuma a kowace iyaka akwai ɗan duwan zaune da tambarinsa. Abin da nake so mu bi a wannan rubutu shi ne wa ya biya ɗan duwan ɗin, wa aka yafe wa, kuma yafewar a hannun wa take tsayawa.

Bari mu fara da hujjar masu yafewa, don tana da ma'ana, kar a ce mun yi wa wani ƙage. Ɗan sari ba shi ne mai cin kayan ba. Ya sayo ne ya sayar wa wani, shi ma ya sayar wa wani. In aka ce kowane hannu da buhu ya ratsa sai an ɗora masa haraji, kafin ya kai ga mai dafawa haraji ya hau kan haraji sau uku ko huɗu. Shi ya sa a Amurka ɗan sari yake nuna wata takarda da ke cewa kayan na sake sayarwa ne, sai a ƙyale shi, mai saye na ƙarshe a kanti shi ke biya. Faransa ta fito da tata dabarar a 1954, wato TVA: kowa ya biya, amma ɗan kasuwa mai rajista yana cire abin da ya biya a baya daga abin da ya karɓa a hannun masu saye. Nijar ta ɗauki TVA a 1986, yau kashi 19 cikin 100 ne. To lura da kalmar nan, mai rajista. Babban mai shigo da kaya da ke da lamba da akawu yana cire nasa. Matar da ke kasa sukari a tebur, wadda patanti da tikitin kasuwa kawai ta sani, ba ta da littafin da za ta cire komai a ciki. Bayan wannan kuma akwai yafewa ɗungurungum, wadda ƴan duwan ke kira egzonerasiyo, ƴan kasuwa su gutsure su ce egzo. A garinmu egzo ta girmi yawancin gidaje.

A 1957, Faransawa masu neman tagulla suka ci karo da uraniyom a Azelik. Nijar ta samu mulkin kai a 1960, amma a watan Afrilun 1961 ta sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa, tare da Kodebuwa da Dahome, wadda ta ba Faransa fifiko kan ma'adinai irin su uraniyom. An kafa SOMAIR a 1968, aka fara gina garin Arlit a 1969, aka fara fitar da ƙarfen a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, da hannun jarin Faransa da Nijar da Japan da Sipaniya, ta fara haƙa ta ƙarƙashin ƙasa a Akuta a 1978, aka gina wa ma'aikatanta Akokan. Ku tuna wurin fili ne fetal. Duk wani ƙusa, duk wata taya, da nakiyar fasa dutse, da farar wutar da ake haɗa ruwan asid da ita, da gazuwal na manyan injuna, sai an sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, jirgin ƙasa ya kai su Paraku, kamyo ya ɗauka ta Gaya da Tawa da Agadas, tafiyar kusan kilomita 2,000. Kamfanonin suka ce in za su biya duwan kan wannan duka, haƙar ba za ta yi riba ba. Sai aka rubuta musu yarjejeniyoyi na musamman, ana sabunta su lokaci zuwa lokaci, ba a buga su talaka ya karanta.

A shekarun farko babu wanda ya damu sosai, don kuɗi na shigowa. Diori Hamani ya nemi a ƙara farashin uraniyom a farkon 1974, ana cikin tattaunawar sojoji suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu. Seyni Kountché ne ya ci moriyar tashin farashin. Da kuɗin aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka kafa SONICHAR a Cirozerin mai ba mu wuta da gawayin ƙasa, aka yi manyan gine-ginen Yamai. Abin da kakanninmu suka fi tunawa kuwa shi ne soke lampo a ƙarshen shekarun 1970, harajin kai da ya sa mutane gudun ƙauyukansu tun zamanin Nasara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tsofaffin ma'aikata in suna ba da labarin lokacin, ba sa rasa ambaton ekonoma, kantin kamfani da ke cikin unguwar ma'aikata. A can ne ake samun kayan Faransa har da cukun Turawa, a tsakiyar Sahara, shi ya sa wasu ke ce wa garin ƙaramin Paris. Suna cewa kaya sun fi kasuwa araha, kuma ba kowa ke shiga ba sai mai katin aiki. To me kuke zato? Ma'aikaci ya ɗauki sukari da madara fiye da bukatar gidansa, ya miƙa wa ƙanensa da ke bukka a wajen shinge, shi kuma ya kasa a tebur. Ba na zargin kowa, da ni ne ma haka zan yi. Amma tun daga nan aka san tsarin garin: akwai farashin mai kati, akwai farashin mara kati, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ribar wanda ke tsaye a ƙofa.

A sauran ƙasar ma haka abin yake, da wata takardar daban. Tun 1962 gwamnati ta kafa Copro-Niger ta ba ta ikon shigo da kayan masarufi irin su sukari da gishiri da shayi da fulawa ita kaɗai, tana sayar wa ƴan sarin da ta amince da su. Wanda sunansa ya shiga jerin ya huta. Sannan ga taransi, wanda shi ne ya yi manyan alhazan Maraɗi, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa na 1986 a kansu. Najeriya ta riƙa hana shigo da wasu kaya don kare masana'antunta, taba sigari da atamfa da yadi, daga baya har shinkafa a 1985. Sai alhazai su yi odar kayan ta Kwatano ko Lome da sunan wucewa za su yi, ba a Nijar za a sayar ba. Tunda wucewa ne, ba a biyan cikakken duwan, sai wani ɗan kaso na sake fitarwa. A ajiye su a sito a Maraɗi ko Ƙonni ko Gaya, ƴan Kano da Katsina su zo su saya, ƴan fito su tsallaka da su da dare. A wajen Nijar halal ne, har baitulmali na samun rabonsa. A wajen Najeriya fasa-ƙwauri ne. Kuma kowa ya san ba duka kayan ke tsallakawa ba, wasu takardarsu ce kawai ke fita, su kuwa su zube a kasuwannin gida, su karya farashin ɗan kasuwar da ya biya duwan cikakke.

Wannan salon ya hauro arewa a shekarun 1990 da taba sigari. Kwantena daga Kwatano, takarda ta ce taransi, a wuce Agadas zuwa Dirku a miƙa Libiya, wani kason kuma ya bi ta yankinmu zuwa Aljeriya, inda gwamnati ce ke riƙe da cinikin taba. Direbobi da makanikai da masu nuna hanya na jihar Agadas sun samu na cefane a ciki. Jarin dai ba nasu ba ne. Wanda zai iya odar kwantenar taba ba a Bukoki yake kwana ba.

Mu koma kan lampo. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, ƙasashe suka ja baya da gina sababbin tashoshi, farashin uraniyom ya faɗi. A 1981 Nijar ta fitar da sama da tan 4,000, daga nan sai gangara. Bashi ya taru, aka shiga hannun FMI a 1983, aka karɓe wa Copro-Niger ikonta, aka buɗe kasuwa, aka kawo TVA. Gwamnatin da ta soke harajin kai saboda tana da kuɗin ma'adinai, da kuɗin suka ragu sai ta koma kan abin da ke da saukin kamawa, wato kayan da ke ratsa duwan. Lampon da aka cire daga kan mutum ya dawo cikin buhun shinkafarsa, sai dai yanzu ba mai gari ke zuwa karɓa ba balle a gudu daji. Yarjejeniyoyin kamfanonin haƙa kuwa ba su motsa ba. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake saye da kuɗin waje ya kama hanyar ninkawa, kuma mu da ke ƙarshen kwalta mu muka fi jin ta.

Abin da ya riƙe garin a waɗannan shekarun, in za a faɗi gaskiya, ba egzon kowa ba ne. Aljeriya ce. Daga Arlit zuwa Asamaka kilomita 200 ne da ɗan wani abu, In Gezzam na tsallake kaɗan, Tamanrasat kuma wajen kilomita 400 gaba. Gwamnatin Aljeriya tana amfani da kuɗin man fetur da gas tana sassauta wa ƴan ƙasarta farashin madara da gari da man girki da esansi, ta kuma hana fitar da su. Hani dai bai taɓa tsayar da Toyota a cikin rairayi ba. Iyayenmu har yau suna tuna madarar Lahda, wadda a shekarun 1980 ta cika kasuwannin arewacin Nijar da Mali har sunanta ya zama sunan sana'ar kanta. Ga kuma dinar da ake canzawa a bayan fage da araha fiye da banki, abin da ke ƙara sauko da farashin. Wannan kayan bai biya cikakken duwan a ko'ina ba, sai abin da aka sasanta a hanya. Ma'ana, shekara da shekaru baitulmalin wata ƙasa ne ke rage wa yaran garin uraniyom tsadar madara, ba tare da ya yi niyya ba.

Aljeriya tana da ƙofar halal ma, cinikin musaya da ta tsara da doka a 1994 tsakaninta da Nijar da Mali. Su ba da busasshen dabino da gishiri da barguna da kayan roba, mu ba da dabbobi da lalle da kayan yaji, ba a fitar da kuɗin waje. To amma wa aka yarje wa? Ɗan kasuwa mai rajistar sari a jihohin kudancin Aljeriya, mai sito da mota. Makiyayin da ya yi kiwon raƙumin sai dai ya sayar wa dillali a kasuwar Arlit ko Agadas. Ko ta arewa ka duba, mai takarda ne a gaba.

A 2005 talaka ya nuna ya gane lissafin. Gwamnatin Tandja Mamadou ta faɗaɗa TVA na kashi 19 zuwa madara da fulawa da sukari da ruwa da wuta. A watan Maris gamayyar yaƙi da tsadar rayuwa, wadda Nouhou Arzika ke cikin jagororinta, ta fito da dubban mutane a Yamai, aka yi kwanakin rufe kasuwanni a manyan garuruwa, aka kama jagororin, amma a watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga madara da fulawa. Bayan shekara uku, a 2008, da farashin abinci ya haukace a duniya, gwamnati ta dakatar da harajin shigo da shinkafa na wata uku. Wannan ita ce egzon da aka yi da sunanmu kai tsaye, kaya na sari, don buhu ya sauko. Sai dai a watannin nan ne tan ɗaya na shinkafar Tailan ya kai wajen dala 1,000 ta Amurka, tashin ya haɗiye rangwamen. Kuma mutum nawa ne a Nijar ke iya odar jirgin shinkafa? Ba su da yawa. A hannunsu yafewar ke sauka, daga nan buhu ya ratsa ɗan sari na biyu da na uku, da kuɗin kamyo, da shingayen hanya, alhali jihar Agadas na cikin dokar ta-ɓaci saboda tawayen MNJ, motoci na jiran rakiyar soja. Gwamnati tana iya yafe haraji a Gaya da tambari ɗaya. Bin buhu daga Gaya har tebur a Akokan a tabbatar rangwamen ya iso, wannan aiki ne da ba ta taɓa samun ma'aikatan yinsa ba.

Babbar egzon kuwa sai a 2013 aka fito da ita fili. Yarjejeniyoyin SOMAIR da COMINAK na shekara goma za su ƙare ranar 31 ga Disamba. A watan Nuwamba ƙungiyar Oxfam da ROTAB ta Ali Idrissa suka fitar da rahoto da ya jera abin da aka yafe wa kamfanonin: kuɗin duwan, TVA, harajin mai, har da wani kaso na riba da ake warewa ba haraji da sunan neman sabon ma'adini. Suka nuna cewa a 2010 uraniyom ya kai kusan kashi 71 na abin da Nijar ke fitarwa waje, amma bai kai kashi 6 na arzikin da ƙasa ke samarwa ba. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kason gwamnati zai iya tashi daga kashi 5.5 har zuwa 12 gwargwadon riba, Areva ta ce ita tsohuwar yarjejeniya ce ta ɗaure ta. Hujjarta ita ce farashi ya faɗi bayan hatsarin Fukushima na 2011, ƙarin haraji zai kashe ramukan, kuma kayan da ake fitarwa waje ba a ɗora musu TVA a ko'ina. Wannan na ƙarshen gaskiya ne. Amma a tsakiyar tattaunawar sai aka tsayar da aiki a kamfanonin biyu na makonni, wai gyaran injuna, kuma babu ɗan Arlit da bai fahimci saƙon ba. An sa hannu ranar 26 ga Mayun 2014, zamanin Mahamadou Issoufou. Areva ta karɓi dokar 2006, ta yi alƙawarin Yuro miliyan 90 don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit da miliyan 17 don noman kwarin Irhazer, aka ɗage aikin Imuraren. Wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Arlit a shekarun da suka biyo baya, bayansa zai ba shi labarin yadda gyaran ya kasance.

Wani abu ne ke ci mini rai a nan. Daga cikin bututu da ƙarafan injin da aka shigo da su don haƙa, abin da ya iso kasuwarmu shi ne tsofaffinsu. Maƙera suka yi ƙofofi da tukwane da su. A watan Disamban 2003 masu binciken CRIIRAD daga Faransa suka auna irin waɗannan ƙarafa a kasuwar Arlit suka same su da gubar uraniyom, Greenpeace kuma ta samu irin wannan a kan titin Akokan a 2009.

COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan ta fitar da wajen tan 75,000, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ƴan kwangila. Da yawa sun zuba kuɗin sallamarsu a kasuwanci, wasu suka koma kai kaya wuraren zinariya irin su Cibarakaten da aka gano a 2014. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana mai kati ya wayi gari yana sayen karto goma a hannun ɗan sari, yana koyon farashin wajen shinge da girmansa. Ina da inna mai tebur a bakin kasuwa, ta taɓa ce mini ita ba ta taɓa ganin ɗan duwan ya zo wurinta ba, don haka ba ta biyan duwan. Na yi ƙoƙarin nuna mata cewa yana cikin kuɗin da take ba ɗan sari, ta ce to shi ɗan sarin ya biya? Ban iya ba ta amsa ba, don rasit ɗin da yake ba ta guntun kwali ne da aka rubuta jimla a kai.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, da ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 kuma Nijar ta bar gadar Gaya a rufe. A karon farko kamfanin haƙa ya shiga halin da mai tebur ta saba da shi: farar wuta da sauran sinadarai suka daina isowa SOMAIR, uraniyom ɗin da aka sarrafa ya rasa hanyar fita, kuma babu takardar egzo da ke buɗe gadar da aka tare. Orano, sabon sunan Areva, ta rasa lasisin Imuraren a Yunin 2024, ta ce ta rasa iko da SOMAIR a Disamba, sannan a Yunin 2025 gwamnati ta mayar da kamfanin mallakar ƙasa. Kayan teku suka koma sauka a Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori da rakiyar soja, su shigo ta Tera zuwa Yamai, daga can kuma sauran kilomita 1,200 kafin su ga Arlit. Taliya da madara dai har yanzu daga arewa suke zuwa, da rubutun Larabci a jikin karton.